Akwatuna Takwas na Layin Baya

Aikina a jami'a shi ne kula da ɗakin kwamfuta na sashenmu. Ni nake buɗewa, ni nake rufewa, in share, in kunna injuna kafin ɗalibai su shigo, in je in taso mai janareto idan an ɗauke wuta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Abin da ya riƙe ni a wurin shekara da shekaru shi ne ko igiyar caja ba a taɓa nema an rasa ba. Sai dai ina da wani hali da maiɗakina ke yi mini tsiya a kansa: idan na kulle ƙofa, sai na kai bakin get in dawo in sake jan kwaɗon. Akwai ranar da na shiga keke zan koma gida Inkil, har mun kai Wunti na ce a sauke ni, don na kasa tuna ko na kashe fankar baya. Na koma na tarar na kashe ta.

A cikin darussan da ake yi a ɗakin, wanda na fi sani shi ne na 'yan aji biyu, inda ake koya musu rubuta wa kwamfuta umarni, abin da suke kira furogiramin. Malamin wani siririn mutum ne mai gilashi. Muna ce masa Dakta, shi kuma yana ce mini Baba kamar yadda ɗalibai ke faɗa, ko da yake ban ba shi shekara goma ba. Ba ya son dogon bayani a allo. Yakan zaunar da su biyu-biyu a kan inji ɗaya, ɗaya na bugawa ɗaya na dubawa, bayan ɗan lokaci ya tafa hannu su yi musaya. Duk Laraba akwai ƙaramin gwaji, wanda ake tarawa a haɗa da babbar jarrabawa.

A makon farko na kowane zango yakan kira ni gaban aji.

"Yau Baba ne kwamfutarku," in ji shi. "Ba ya yi muku tunani, ba ya jin tausayinku. Abin da kuka faɗa kaɗai zai yi. Ku sa shi ya ɗauko mini dastar goge allo daga bakin taga."

Sai wani ya ce, "Baba, yi gaba." In yi gaba har in ci karo da tebur, in ci gaba da ɗaga ƙafa a wuri ɗaya, tunda ba wanda ya ce in tsaya. Aji ya kwashe da dariya.

"Haba Baba, ai kana ganin tebur."

"Ba ya gani," in ji Dakta. "Ku ne ba ku gaya masa inda zai tsaya ba. Haka injin zai yi ta tafiya har a ɗauke wuta."

Idan an yi nisa, yakan ba ni katuna masu lambobi in shimfiɗa a tebur, ɗalibai su riƙa ba ni umarni har in jera su daga babba zuwa ƙarami, kuma ba a yarda in duba fiye da kati biyu a lokaci ɗaya ba. Gaskiya ina jin daɗin wannan aikin. Shi ne kaɗai lokacin da idan abu ya lalace na san ba laifina ba ne.

A wannan zangon akwai wata ɗaliba 'yar kudancin jiharmu, Kirista, wadda ke maimaita darasin karo na uku. Ita da bakinta ta gaya mini cewa idan ta sake faɗuwa, zamanta a sashen ya ƙare. Ba ta da kwamfutar kanta, don haka na nemi izinin Dakta, na kuma roƙe shi ya rubuta a takarda, aka yarda ta riƙa zuwa lokacin hutun rana. Takan zauna ita kaɗai tana bugawa da yatsu biyu, tana yi wa injin magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin akuya. Ina ce mata 'yata. Ban san abin da take rubutawa ba, amma na san duk ranar da ya yi aiki, don takan bugi tebur ta waiga ta ga ko na ji.

Babbar jarrabawar a kan inji ake yin ta, kuma Dakta yana da tsarinsa. An taɓa yin gunaguni a tsakanin ɗalibai cewa malami na duba suna kafin ya ba da maki, wannan ɗan garinsu ne, wancan ɗan masallacinsu ko cocinsu. Shi ya sa ya hana rubuta suna ko lambar ɗalibi a cikin aikin. Kowa zai zari takarda a bakin ƙofa, lambar teburin da ya samu nan zai zauna. Takardar da ke nuna wa ya zauna a ina, a ambulan ake liƙe ta a kai wa jami'in jarrabawa, ba a buɗewa sai an gama ba da maki. Ana yanke intanet, a kuma karɓe wayoyi, saboda yanzu akwai manhajar da kana tambaya za ta rubuto maka amsa. Ni ne mai karɓar wayoyin. Ina waje da kwali ina liƙa wa kowace waya takarda a lokacin da Dakta ke karanta musu ƙa'idoji a ciki, don haka ban ji abin da ya faɗa ba.

Ranar Juma'a ce, tsakiyar damina. Tebur arba'in ne a ɗakin, duk a cike. Na ga 'yata ta samu tebur na talatin da shida, a layin baya ta wajen taga. Suna gamawa, kowa ya adana aikinsa a cikin injin da ya zauna, sai aka ɗauke wuta. Mai janareto ya riga ya tafi masallaci. Dakta ya dubi agogo.

"Ba komai, yana nan ciki. Litinin da safe zan zo in kwashe. Baba, a kulle, kada kowa ya taɓa komai."

Na kulle. Bayan an sauko daga masallaci na dawo in ja kwaɗon kamar kullum, a lokacin hadari ya riga ya haɗu ta gabas. Ina tsaye a baranda ruwan ya sauko da iska mai ƙarfi. Na leƙa ta taga, sai na ga silin na baya ya yi ciki, ruwa na tsiyaya a kan teburan layin ƙarshe kamar an kunna famfo.

Ban tsaya tunani ba. Na buɗe na shiga, na lulluɓe allunan kwamfutocin da ledar da muke rufe su da ita lokacin hutu. Amma ba a allon aiki yake zama ba, a cikin baƙin akwatin da ke ƙasan tebur yake, ga shi ruwa ya fara malala a daɓe. Na riƙa cire wayoyin da ke jikinsu ina ɗaukar akwatunan ɗaya bayan ɗaya ina kaiwa kan babban teburin gaba. Na fara da na tsakiya inda zubar ta fi yawa, na koma gefe, na dawo, duk wanda hannuna ya kai. Guda takwas. Na goge su da tsumma, na tabbatar babu wanda ruwa ya shiga, na zauna ina haki ina hamdala.

Ina zaune ina kallonsu abin ya faɗo mini. Dukkansu baƙaƙe ne, iri ɗaya, babu mai alama. Lambobin a jikin tebura aka rubuta su, ba a jikin akwatuna ba, tunda ba wanda ya taɓa tunanin akwati zai bar teburinsa. Aikin ɗalibai takwas na gabana, babu suna a ciki, ni kuma na kasa tuna wanne na ɗauko daga ina. A cikinsu akwai na 'yata.

Ranar Asabar na koma da safe. Na durƙusa a ƙasan kowane tebur ina neman shatin da akwati ya bari, amma ruwa ya wanke. Na gwada tsawon wayoyi. Guda biyu na ji kamar na gane: ɗaya maɓallinsa ya ɗan lotsa, na san na tebur na arba'in ne, ɗaya kuma fankarsa na ƙara kamar ƙaramin babur, wanda na tabbata na talatin da uku ne. Sauran shida kuwa ko an ɗora mini Alƙur'ani ba zan iya cewa ga nasu ba.

A nan ne wani tunani ya zo mini, kuma zan rubuta shi yadda ya zo. Makulli na hannuna. Idan na mayar da su ƙasan tebura yadda ta kama, na goge daɓe, Litinin Dakta zai kwashe aikinsa ya ba da maki, ba wanda zai sani har abada. Har na ɗauki akwati ɗaya na kai bakin tebur na talatin da shida. Sai na tuna yarinyar nan da yatsunta biyu. Wataƙila abin da ke hannuna na wanda bai rubuta komai ba ne, a ɗora mata, a sallame ta daga makaranta, ta tafi tana ganin ita ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Na mayar da shi inda na ɗauko, na kulle, na ja kwaɗon sau uku.

Na kira Dakta a waya, tana fara shiga na kashe. Bayan minti biyar sai ga kiransa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce kawai."

Ya yi godiya, ya tambayi iyali. Ina ajiye wayar na ga na ƙara wa kaina ƙarya a kan ɓarna.

Lahadi da hantsi muna gonar gyaɗarmu ta bayan gida, maiɗakina ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Malam, tun safe kunya ɗaya kake nomewa. Ka kusa tone gyaɗar. Me ka manta ba ka kashe ba kuma?"

Na gaya mata komai, har da tunanin mayar da su a ɓoye. Ta saurara tana kaɗe ƙasa daga fartanya.

"To da ka bar su ruwa ya ci fa?"

"Da ba ni na taɓa ba. Cewa ya yi kada kowa ya taɓa komai."

"Shi da ya faɗa ya san silin zai ɓalle? Ka je ka gaya masa. Kai da idan mai shago ya ƙara maka leda sai ka koma ka mayar, ina za ka iya haɗiye wannan? Sati ɗaya za ka yi ka kwanta ciwo, ni a bar ni da jinya."

"Idan aka soke jarrabawar su takwas fa? A sake musu wata mai wuya, yarinyar nan ta rikice?"

"Wannan kuma aikin mai gilashi ne. Kai naka ka faɗa."

Litinin tun kafin masu shara su iso ina bakin ƙofa. Dakta ya zo da 'yar jakarsa, ya shiga, ya ga akwatuna a jere a teburin gaba, ya ga bokitai a baya, ya ɗaga kai ya dubi silin. Na cire hula na riƙe a hannu, na faɗa masa tun daga farko, ban rage ko kiran wayar ba. Ya matsa kusa da akwatunan.

"Ruwa ya shiga ko ɗaya?"

"Bai shiga ba."

"To Baba, da ka bi maganata, da yanzu babu aikin da za mu yi gardamar na wane ne. Sa hularka. Kawo waya mu haɗa."

Muka riƙa haɗa su da allo ɗaya bayan ɗaya. A na farko ya nuna mini wani layi a can sama. Ashe a cikin ƙa'idojin da ya karanta ina waje da kwali, ya ce kowa ya rubuta lambar teburinsa a layin farko. Ban san lokacin da na zauna a kujerar ɗalibai ba. Kwana uku ina ɗauke da abin da tun farko an yi masa tanadi.

Amma ɗalibai ɗalibai ne. Biyar sun rubuta, uku sun manta. Kuma akwatin nan mai ƙarar fanka, wanda na tabbata na talatin da uku ne, da aka buɗe sai ga talatin da biyar a rubuce. Ashe mai gyara ya musanya su tun watan jiya ban lura ba. Na yi ta kallon lambar, ina tuna yadda na kusa mayar da su da hannuna ina ganin na san biyu.

Teburan da suka rage su ne talatin da huɗu, talatin da shida da talatin da bakwai. Tambayar jarrabawar ita ce a rubuta umarnin da zai jera marasa lafiya a layin asibiti, tsofaffi a gaba. A cikin ayyuka ukun, ɗaya na aiki daidai, ɗaya na tafiya ya tsaya a tsakiya, ɗaya kuma kusan babu komai a ciki. Dakta ya ba kowanne maki a ranar, ya kai wa jami'in jarrabawa, sannan ya ce a buɗe ambulan a kira masu teburan. Ya ce mini ba ya so ya ga fuska kafin ya rubuta maki, ko a wannan halin.

Talata suka zo: 'yata, da wani ɗan Fulani marar magana, da wani dogo wanda shi ne mai surutun ajin. Aka nuna musu ayyukan. Ɗan Fulanin ya nuna na tsakiya ya ce nasa ne, ya kuma faɗi daidai inda lokaci ya ƙare masa. Aka sallame shi. Da aka zo kan mai aiki daidai, hannu biyu suka tashi.

"Nawa ne, Dakta," in ji dogon. "Ko a mafarki na gan shi zan gane shi."

'Yata dai ba ta sauke hannunta ba. Da akwatunan na ƙasan teburansu, da ba a kai ga wannan ba.

Dakta bai ɗaga murya ba. Ya ce yarinyar ta jira a waje. Ya zaro katunan nan daga jaka ya rubuta shekaru a kai.

"Baba, zo ka zama kwamfuta. Kai kuma, tunda naka ne, karanta wa Baba shi layi bayan layi, da Hausa, ya jera mana marasa lafiyan nan."

Ya fara da ƙarfinsa. Ya ce in ɗauki kati na farko da na biyu, na ɗauka. Ya ce in musanya, na musanya. Daga nan ya tsaya yana bin allo da yatsa, ya ce in sake. Na sake. Ya ce in sake. Na yi ta juya kati biyu, dattijo ya wuce gaba ya dawo baya, ya wuce ya dawo.

"Haka Baba zai yi ta yi har la'asar," in ji Dakta. "Bar wannan. A layin nan, me ya sa ka cire ɗaya daga yawan mutanen?"

Ya sosa ƙeya. "Salo ne kawai, Dakta. Kowa da yadda yake rubutunsa."

Aka ce ya koma gefe, aka kira ta. Tana fara yi mini magana sai ta koma irin yadda take yi wa injin da rana. "Baba, duba waɗannan biyun. Na dama ya fi tsufa? To musanya. Matsa gaba ɗaya." Muka je ƙarshe, ta dawo da ni farko, muka sake bi. Da muka yi zagaye guda ba a musanya komai ba ta ce in tsaya. Katuna sun jeru, mai shekara tamanin a gaba.

"Me ya sa kika cire ɗaya a nan?"

"Saboda na ƙarshe ba shi da na gaba da za a gwada shi da shi, Dakta. Idan ban cire ba, injin zai nemi mutumin da babu. Bara a nan na faɗi."

"To zauna. Masu asibitin sun canja doka, mace mai ciki za ta wuce kowa. Gyara mini."

Ta zauna da yatsunta biyu. Ta ƙara 'yan layuka ta danna, sai jan rubutu ya fito. Ko ni na san jan rubutu ba alheri ba ne. Na kama bakin tebur. Ta matsa kusa da allon, ta ce ta manta wata alama, ta sa, ta sake dannawa. Sai ta bugi tebur, ta waigo ta dube ni, sannan ta tuna a gaban wa take, ta rufe baki.

Dogon ya yi gyaran murya. "Dakta, gaskiya daga sama sun yi kama."

"Daga sama na kowa ya yi kama, ni na ba ku layukan farko. Ɗauki naka. Zango mai zuwa kujerar gaba taka ce, kusa da ni, mu sha hira."

Da suka fito na bi shi baranda na ba shi haƙuri, don na ga ni na buɗe masa ƙofar faɗin abin da ba haka ba. Ya dube ni kamar bai gane ba, sannan ya yi dariya.

"Baba, ni fa sa'a kawai na gwada. Kai ma ka ƙi taimakona, ka tsaya kana ta juya kati."

"Abin da ka ce shi na yi."

A makon na samo farin fenti a wurin masu gyara, na rubuta lamba a jikin kowane akwati, gaba da baya, na ƙara a ƙasa ko da za a kifa shi. An gyara silin. Dakta kuma ya ce abin da ya gani ranar Talata ya fi masa duba allo shi kaɗai, don haka yanzu bayan ya gama ba da maki, kowane ɗalibi sai ya zo ya yi bayanin aikinsa na minti biyar ya kuma gyara wani abu a gabansa. Ɗalibai sun ce ni na jawo musu. Kwana biyu cur nake yi ina juya katuna.

Bayan wasu makonni ina goge tagogi sai ga 'yata da ƙullin leda. Acca ce, ta ce mahaifiyarta ta aiko mini daga gida. Na mayar da hannuwana baya.

"An kafe sakamako a allo?"

"An kafe, Baba. Na ci."

"Ke kika gani da idonki, ko gaya miki aka yi?"

"Da idona."

Na ce ta riƙe ledar tukuna. Na kulle ɗakin, muka sauka tare zuwa allon sanarwa, ta ɗora yatsa a kan lambarta, na bi layin a hankali har ƙarshensa, na sake bi. Sannan na karɓi accar.